Gida mai 'yan haya a ciki ko wanda aka kwashe: wanne ya fi saye?

Wani ɗan'uwa a wannan zaure ya ce dillali ya nuna masa gidaje biyu a nan Katsina, kuɗinsu kusan ɗaya. Na Ƙofar Marusa cike yake da 'yan haya, na hanyar Dutsin-ma kuwa an kwashe, mukulli kawai za a miƙa masa. Haya yake son zubawa, wanne zai ɗauka?

Malam, mai mutane a ciki ya fi daɗin ji a kunne, don ka ga shaidar cewa gidan yana hayuwa. Sai dai cinikinka ba ya rushe hayar da ka tarar. Wanda ya biya shekara zai cinye shekararsa, a shari'ar Musulunci ma haka abin yake. A nan ake tafka asara. A ce hayar gidan naira miliyan 1.2 ce a shekara, mai gida ya karɓe ta a Janairu, kai kuma ka saya ƙarshen Maris. Saura wata 9, wato naira 900,000 tana aljihunsa, kai ga gyaran famfo da yasar masai a wuyanka. Ko a cire wannan kuɗi daga farashi, ko a rubuta a takardar ciniki ranar da zai miƙo su. Kada ka yarda da "ai ba komai, za mu daidaita".

Ka zauna da kowane ɗan haya a gaban mai gida, ka ga rasit, ka rubuta ranar da kuɗinsa zai ƙare da bashin da ake binsa. Sannan tsohon mai gida ya ba su takarda cewa daga yau kai za su riƙa biya. In kuwa niyyarka ka tashe su ka ƙara kuɗi, ka sani mai biyan shekara notis ɗin wata 6 ake ba shi in ba a rubuta wani wa'adi daban ba, mai biyan wata-wata kuma wata 1, sannan a biyo da na kwana 7 kafin a je kotu. Cire ƙofa ko yaye kwano kai zai jefa cikin laifi.

Wanda aka kwashe ba shi da wannan jidali. Za ka shiga ɗaki-ɗaki, ka leƙa sili, ka duba gindin bango ko yana jan ruwa, abin da ba ya yiwuwa a gidan da matan aure suke ciki. Kai za ka zaɓi mutanenka, ka yanka kuɗinka. Illarsa, duk watan da ya kwana a kulle ba ka samu ko sisi ba, ga fenti da gyara kafin a tare. Ka kuma tambayi maƙwabta dalilin da ya sa aka watse. Wani gidan sai damina ta sauka ake gane halinsa. Hanyar Dutsin-ma dai akwai ɗaliban Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua da na kwalejin Hassan Usman, ɗakuna ɗai-ɗai sun fi tafiya a can, amma ɗalibi da zangon karatu yake tafiya.

Takardu kam duka biyun ɗaya ne. Sa hannun mai unguwa da shaidu yana da amfani, amma bai isa ba. Dokar filaye ta 1978 ta ce gidan da ke da shaidar mallaka ta gwamna ba ya sauya hannu sai da amincewarsa, don haka lauya ya rubuta takardar miƙa mallaka, a bincika fayil a ma'aikatar filaye ko an jinginar da shi a banki. In gidan gado ne, a kawo takardar rabo ta kotu, ko duk magada su sa hannu, har matan. Lambar mita kuma a kai ofishin KEDCO, kamfanin raba wutar lantarki, a duba ko akwai bashin wuta a kanta.

Mu a ganinmu, in rasit ɗin 'yan hayar Ƙofar Marusa sun fito tsaf kuma mai gida ya yarda a cire ragowar kuɗin haya, ɗauki wannan. In ya fara kame-kame, koma hanyar Dutsin-ma, ka ware kuɗin gyara tun kafin ka ba da kafin alƙalami.