Wasiƙa ga Yaya: abin da na gani a jiragen shaƙatawa biyu lokacin korona

Assalamu alaikum Yaya.

Ina fata kana lafiya, kai da iyali baki ɗaya. Saƙonka ya iso, har da faɗan da ke ciki. Ka ce wane irin ganganci ne zai sa mutum ya zaro kuɗinsa ya biya a rufe shi a tsakiyar teku da dubban mutane ana tsaka da annoba, kuma har sau biyu. Na karɓi faɗan. Amma tunda ka tambaya bari in kwance maka labarin, domin jirgin da na shiga a nan Italiya cikin Oktoban 2020 da wanda na shiga a Amurka cikin Disamban 2021, suna kawai suka haɗa.

Na san inda tsoron naka ya samo asali. Kowa ya ga hoton Diamond Princess a tashar Yokohama ta Japan a Fabrairun 2020, mutum 3,711 a ciki an hana su sauka, kafin a ankara sama da 700 sun kamu. Wata guda bayan nan aka yi akasin haka a Ostireliya. Ranar 19 ga Maris aka buɗe wa fasinjojin Ruby Princess ƙofa a Sydney, mutum wajen 2,700 suka watse ba a jira sakamakon gwajin waɗanda ba su da lafiya ba, daga baya aka danganta mutuwar mutum 28 da jirgin. An tsare an yi asara, an saki an yi asara. Ita kuwa hukumar CDC mai yaƙi da cututtuka a Amurka tun ranar 14 ga Maris ta hana jiragen shaƙatawa tashi, harkar ta tsaya cak.

Ranar 16 ga Agustan 2020 jirgin MSC Grandiosa ya tashi daga tashar Genoa ta Italiya, shi ne babban jirgi na farko da ya koma Bahar Rum. Ka tuna a lokacin ba a fara yi wa jama'a rigakafi ba, don haka gwaji da tsauri su ne kaɗai abin dogaro. Mu a farkon Oktoba muka shiga wani jirgin daga wannan tashar. Kuɗin ya faɗi warwas, ga maman yara ta gaji da kallon bango huɗu.

Kowa da lokacin da aka ba shi na zuwa tasha. Aka auna zafin jikinmu, muka cike takardar tambayoyi, sannan wata ma'aikaciya sanye da rigar leda tun daga kai har ƙafa ta zura mini tsinke a hanci. Yaya, sai ranar na san hancin ɗan Adam yana da zurfi haka. Aka ba mu lamba muka zauna a kujerun da aka ware nesa da juna, kusan awa guda ba mai magana, kowa ido a kan allo. Idan gwajin ya nuna wani abu sai a sake wani gwajin da ya fi shi tabbaci, wato PCR, in ya tabbata to kai da duk wanda kuka zo tare sai gida. Inshorar korona kuwa ba a tambayar ra'ayinka, tare da tikiti ake sayar da ita. Da lambarmu ta fito aka ɗaura wa kowa wani abu a hannu kamar agogo, da shi ake buɗe ɗaki da biyan kuɗi, kuma shi ke riƙe da lissafin wanda ka kusanta. In wani ya kamu, ba sai an bi mutane ana tambaya ba.

Jirgin bai cika ba, ba a yarda a wuce kashi 70 cikin ɗari ba, kuma an keɓe wasu ɗakuna don killace wanda ya kamu. Wurin cin abinci ba ka taɓa ludayi, nunawa za ka yi a zuba maka. Ni hakan ma ya fi mini, don na taɓa ganin abin da mutane ke yi da ludayin gayya.

Abin da ya fi ci mana rai shi ne sauka gari. Ba ka fita kai kaɗai, sai cikin ayarin jirgi, a bas ɗin da aka yi wa feshi, da direba da ɗan rakiya waɗanda su ma an gwada su. A Palermo muna tsaye gaban babban cocin garin, maman yara ta hango wani shago a tsallaken titi da faranta masu zane a rataye, taku ashirin bai kai ba. Ta ce minti biyu kawai. Ɗan rakiyar ya haɗa hannuwa kamar mai roƙo ya ce in ta tsallaka titin nan, shi ba shi da ikon mayar da ita jirgi. Ba barazana ba ce. A tafiyar farko ta Grandiosa wasu iyali sun ɓalle daga ayari a tsibirin Capri, da suka koma tashar Napoli aka hana su hawa. Ta yi fushi har dare, ni ma na taya ta mita, muna cewa wannan ai fursuna ne mai kallon teku.

Ko atisayen ceto ya sauya. Tun bayan kifewar Costa Concordia a gaɓar tsibirin Giglio a Janairun 2012, inda mutum 32 suka rasu, aka tsaurara dokar cewa sai an nuna wa fasinja rigar ceto da wurin taruwarsa kafin jirgi ya bar tasha. A da cunkusa kowa ake yi kafaɗa da kafaɗa. Yanzu a talabijin ɗin ɗaki ko a waya kake kallon bayanin, sannan ka je wurinka a shaida ka zo. A jiragen biyu haka na tarar, kuma shi ne sauyi ɗaya da nake fata ya ɗore.

To, Amurka. Ba ta buɗe wa masu zuwa daga Turai ƙofa ba sai ranar 8 ga Nuwamban 2021, kuma ga wanda ya yi rigakafi kaɗai. Muka je wurin ƙanin maman yara a Florida, shi ya matsa sai mun ga irin nasu jiragen. Su sun makara wajen komawa teku: sai ranar 26 ga Yunin 2021 Celebrity Edge ya tashi daga Fort Lauderdale, wata goma bayan Genoa. Tsarinsu a kan rigakafi ya ginu. CDC ta ce jirgin da kashi 95 cikin ɗari na fasinjojinsa da kusan duk ma'aikatansa suka yi allura ba sai ya yi tafiyar gwaji kafin ya koma aiki ba. Sai gwamnan Florida Ron DeSantis ya sa hannu a dokar da ta hana kamfanoni neman shaidar rigakafi, da tarar dala 5,000 a kan kowane laifi. Kamfanin jiragen shaƙatawa na Norwegian ya kai ƙara, kotu ta ba shi damar ci gaba da tambaya a watan Agusta. Abin dariyar shi ne ƙaramar ƙasar Bahamas ce ta sauƙaƙa rikicin, da ta ce daga Satumba jirgi ba zai tsaya mata a tasha ba sai 'yan shekara 12 zuwa sama sun yi rigakafi.

Shiga jirgin ya yi sauƙi, har sai da sauƙin ya ba ni tsoro. Ka nuna shaidar allura, ka nuna takardar gwajin da ka yi cikin kwana biyu, shi ke nan. Wasu a kantin magani suka yi nasu, wasu a gida wani na kallonsu ta bidiyo. Ni dai lissafi nake yi a raina: tsakanin tsinken da ƙofar jirgi, mutumin nan ya shiga jirgin sama, ya kwana otal, ya ci abinci a cikin taro. Takardar gaskiya ta faɗa, amma gaskiyar shekaranjiya.

Ba zan ƙi faɗa ba, an fi sakewa. A tashar farko muka sauka mu kaɗai, maman yara ta shiga shago bakwai ta rama na Palermo. Dokar sa takunkumi a rufaffen wuri tana nan a rubuce, sai dai an ɗauke wa mai ci ko sha. Akwai wani dattijo da na lura da shi tun magariba har dare da kofi ɗaya a hannu, kofin ya daɗe da ƙarewa, takunkumi a haɓa. Ma'aikata na gani su kau da kai, don a hannun irinsa suke samun ihsani.

Kwana na huɗu kyaftin ya yi magana ta lasifika, ya ce an samu "'yan kaɗan" da suka kamu, kuma tsibirin da za mu tsaya gobe ya ƙi karɓarmu. Bai faɗi adadi ba. Da dare na bi ta wani bene na ga an toshe lungu guda da labulen leda, ga tire-tire na abinci jere a ƙofofi, na ƙirga har na daina. Aka soke wasan dare saboda masu yin sa suna killace. Abin da aka mayar mana shi ne kuɗin tashar da ba mu tsaya ba. Ba mu kaɗai ba ne: alƙaluman CDC sun nuna mutum 162 ne suka kamu a jiragen cikin mako biyun farkon Disamba, a mako biyun da suka biyo baya suka haura 5,000. Ranar 30 ga wata hukumar ta ce kowa ya guji jirgin shaƙatawa, ko ya yi rigakafi ko bai yi ba.

Kwana biyu da saukarmu maman yara ta fara ciwon maƙogwaro, gwaji ya nuna ta kamu. Alhamdulillahi bai wuce mura ba, kuma wannan ladan allurar ne. Amma sai da muka ƙara kwana goma a gidan ƙaninta, muka sauya tikitin dawowa da kuɗinmu. Inshorar da na zaɓa da kaina don araharta ta ce tafiyar da ta ɗauki nauyi ta ƙare a ranar da muka sauka. Da na koma na karanta ƙananan rubutun, haka ne kuwa.

Za ka iya cewa ban yi adalci ba, tunda nau'in korona na Omicron da ya bazu a Disamban 2021 ya fi ƙwayar 2020 saurin yaɗuwa nesa ba kusa ba, kuma ko tsarin Genoa da ya sha wuya a hannunsa. Na yarda. Sai dai a can kowa dokar ta hau, ba sani ba sabo, kuma a bakin ƙofa aka gwada shi. A Florida kuwa an bar rabin aikin ga mutuncin fasinja. In za a mayar da ni baya, tikitin da ya hana mu faranti shi zan sake saya.

Akwai wanda bai fita raina ba. Yaron da ke gyara mana ɗaki a jirgi na biyu ɗan Filifin ne, takunkumi biyu yake sawa, bayan kunnuwansa duk sun yi kanta. Ya ce mini wata biyar ƙafarsa ba ta taka ƙasa ba, don an hana ma'aikata sauka gari kada su kwaso cuta su kawo mana. Mu kuma kullum muna fita muna dawowa, shi yake kwashe tawul ɗinmu.

Daga ranar 15 ga Janairun 2022 dokokin CDC suka koma na ganin dama, kamfanin da ya so ya bi. Ƙanin maman yara har ya fara turo mana tallan rangwamen bazara, ita kuma ta ce ya bari tukuna sai muryarta ta gama dawowa.

Ka gaida mini yara da mamansu.

Ƙaninka.