Parkrun: gudun da ke haɗa jika da kaka

Parkrun, wanda Paul Sinton-Hewitt ya fara a filin shaƙatawa na Bushy Park da ke Landan a 2004, gudu ne na kilomita 5 da ake yi kyauta kowace safiyar Asabar. Mutum zai yi rajista sau ɗaya a intanet, ya riƙe lambar shaidar da aka ba shi, masu aikin sa kai kuwa su auna masa lokaci. Abin da ya fi burge ni shi ne ba a raina mai tafiya a hankali, domin akwai wanda aikinsa shi ne ya zo na ƙarshe, saboda haka dattijo ba ya jin kunyar bin jikansa sannu-sannu. Yaran da ba su kai shekara 11 ba dole babba ya raka su. Sai dai har yanzu bai kai ƙasashe da dama ba.