Zobo mai wardi: a dafa ko a jiƙa?

'Yar uwa da kika tambaya wai zobo da furen wardi kike son haɗawa saboda zafin bazarar nan, dafawa ya fi ko jiƙawa a ruwan sanyi, to ni dai jiƙo nake bi, amma bari ki ji yadda kowanne yake.

Na dafawa shi muka saba. Ki wanke zoborodon sosai saboda yashi, kofi 1 a ruwa lita 2, minti 10 zuwa 15 ya isa, ya fito jawur tsami har kunne. In baƙi ne a hanya shi ne mafita. Matsalar ita ce wardi ba ya son wuta ko kaɗan, ƙamshinsa tururi yake bi, kicin zai gauraye da ƙamshi amma a kofi ba komai sai bauri. In dole sai kin dafa to sauke tukunyar tukuna, ki zuba busasshen wardi cokali 2, ki rufe minti 5 ki tace.

Na jiƙo kuwa tare za ki zuba su a jug da tafasasshen ruwan da ya huce, ki rufe ki sa a firij awa 8 zuwa 12. Kalarsa ba ta kai ta dafaffe duhu ba, garai-garai yake, tsamin kuma da sauƙi shi ya sa ba ya cin suga da yawa, ga wardin yana tashi tun kafin kofi ya kai baki. Sai dai fa wuta, kin san halin NEPA a garin nan, in firij ya kwana a kashe zai iya juyawa kafin safe, gara ki binne jug ɗin cikin ƙanƙara a kula.

Ko wanne kika zaɓa don Allah ki ajiye citta da kanumfari, danne wardin suke yi gaba ɗaya. Kanwa ma a'a, baƙanta kalar take yi, lemon tsami kaɗan shi ke fito da jan.

Wardin kuma na shayi za ki nema wajen masu kayan ƙamshi a kasuwa, ba na masu saida fulawar ado ba, ana musu feshin magani. Ruwan wardin shafa fuska ma ba na sha ba ne. Mai ciki ko mai shan maganin hawan jini ta fara tambayar likita, zobo yana sauke jini.