OneDrive ko Google Drive ga mai komawa Windows 11

Tun da Microsoft ta daina kula da Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, masu sauya kwamfuta ke tambayar inda za su ajiye fayilolinsu.

OneDrive a cikin Windows 11 yake zuwa, yana kwashe abin da ke Desktop da Documents ya tura intanet. Ba wahala, amma GB 5 kacal yake bayarwa kyauta, hotunan biki ɗaya ma sai su cika shi. Google Drive yana ba da GB 15, sai dai Gmail da Google Photos duk a kwano ɗaya suke ci. Ni dai Google Drive na fi so, don da hannunka za ka sauke manhajarsa ka zaɓi abin da zai hau, kafin data ta ƙare ba ka sani ba.