Ciyawa ɗaya ko fili biyu?

Ana yawan tambayata: idan ƙungiyar jami'a da ta ƙwararru a ƙwallon ƙafar Amurka suna raba filin wasa, wane tsari ya fi?

A Pittsburgh, ƙungiyar ƙwararru ta Steelers da ta jami'ar Pitt ciyawa ɗaya suke takawa. Da sauƙin kuɗi, amma aikin fenti ba ya ƙarewa: tazarar layukan tsakiya da ake ajiye ƙwallo a kansu ƙafa 40 ce a jami'a, ƙafa 18 da inci 6 a NFL, gasar ƙwararru, don haka sai an riƙa sake shafa su. Ciyawar kuma tana shan wuya, abin da ya fi damuna kenan, don 'yan wasa ke zamewa.

A Las Vegas, ƙwararrun Raiders kan turo ciyawarsu cikin filin wasan a kan wani ƙaton faranti, ƙungiyar jami'ar UNLV kuma tana wasa kan ta roba a wuri ɗaya. Tsada ce tun daga gini.

Tsohon fili, fenti ya wadatar. Mai gina sabo da kuɗi a hannu, fili biyu irin na Las Vegas.