Shagonmu na dukanci a taswirar Google: baƙo yake kawowa, ba ɗan gari ba

Ga wanda bai san shi ba, Google Business Profile shi ne ɗan katin nan da ke fitowa idan ka nemi shago a Google ko a taswirarsa ta Google Maps, mai ɗauke da suna da hoto da lambar waya da lokacin buɗewa, da taurarin da mutane suka ba wurin, da maɓallin da zai ja ka har ƙofa. Da can Google My Business ake ce masa. A ƙarshen 2021 aka sauya sunan, a 2022 kuma aka janye manhajarsa ta daban, yanzu daga cikin Maps ko shafin bincike ake yin komai. Ba a biyan ko sisi.

Na daɗe ina amfani da shi a shagon kayan fata da nake riƙe wa mahaifina a cikin tsohon garin Sakkwato, inda muke ɗinka takalma da jakunkuna da alabe da tumtum. Abin da zan faɗa a kansa a taƙaice shi ne, ya yi mana rana, amma ta fuska ɗaya kawai. Basakkwace ba ya neman baduku a waya. Idan yana son takalmin salla ya san shiyar da zai nufa, in bai sani ba ya tambayi ɗan kabu-kabu. Waɗanda taswirar ke turo mana su ne masu hidimar ƙasa da suka fito daga sansanin Wamakko, da likitoci da malamai da suka zo taro a asibitin koyarwa na UDUTH ko Jami'ar Usmanu Danfodiyo, da masu ziyarar Hubbaren Shehu da ke son tsaraba kafin su kama hanyar filin jirgi. Mutum ne da ya ji labarin fatar jan akuyar Sakkwato, wadda Turawa suka daɗe suna kira fatar Maroko saboda ta can take ratsawa zuwa gare su, yana da kuɗi a aljihu da sa'a biyu kacal, kuma bai san kowa a gari ba. Irin wannan ba ya dogon ciniki.

Wahalar farko ita ce adireshi, kuma wannan halin garinmu ne. Fam ɗin da ake cikewa wajen sa shago a taswirar yana son sunan titi da lambar gida, mu kuwa kwatancenmu shi ne ka wuce masallaci, ka sha kwana wajen mai nika, shago na uku a hannun dama. Lungunmu ba shi da suna a rubuce ko'ina. Abin da ya fisshe ni shi ne jan ɗan jan digon nan na taswira da yatsa. Na tsaya a bakin ƙofar shago, na mai da taswirar zuwa hoton sama, na yi ta zuƙowa har na gane rufin kwanonmu da inuwar bishiyar dogon yaron da ke gabansa, sannan na dasa digon a kai. Wannan aikin ya fi duk wani rubutu da za ka cika muhimmanci, domin idan digon ya goce da layi ɗaya, baƙo zai tsaya a ƙofar gidan mutane yana sallama, rana ta dafa shi, ya juya ya tafi. A watan Afrilu da zafi ke haura maki 40, babu mai yi maka zagaye biyu. Akwai kuma abin da ake kira Plus Code, ɗan guntun haruffa da lambobi da alamar tarawa a tsakiya, wanda ke nuna fili mai faɗin kamar mita 14. Na buga namu a jikin leda da katin shago, kuma shi nake tura wa direbobin tasha idan za su ɗauki saƙo.

Sai tantancewa. Ba za ka iya gyara komai yadda kake so ba sai an tabbatar kai ne mai wurin, kuma ba kai ke zaɓar hanyar ba. Wasu lamba ake turo musu ta waya, wasu ta imel, wasu ta wasiƙar gidan waya. Ni bidiyo aka nema, wanda ake ɗauka a tafi ɗaya babu yankewa. Na fara daga bakin hanya ina nuna shagunan maƙwabta, na zo kan allonmu, na sa makulli na buɗe kwado da hannuna, na shiga na nuna keken ɗinki da basilla da fatun da ke rataye. Baba yana zaune a kan buzunsa yana kallona ina yawo da waya a sama.

"Kai, mi kaka yi haka tun da sahe?"

Na ce, "Baba, nuna musu nake mu ne masu shagon."

Ya ce, "Su wa? Shekara nawa nike nan, wa ya taɓa musu?"

Shawarata ga mai shirin yi ita ce ya fara gyara allonsa. Sunan da ke jikin allo dole ya zama shi ne wanda ka rubuta, harafi da harafi, kuma ya zama allo na dindindin, ba takardar da aka manna da safe ba. A nemi lokacin da sabis ke da ƙarfi, don bidiyon yana da nauyi wajen turawa. Dubawar kan ɗauki har kwana biyar na aiki.

A kan yadda ake jera shaguna, Google da kansa ya ce abu uku yake dubawa: dacewar shagon da abin da aka nema, kusancinsa da mai nema, da kuma yadda ya yi suna. Na biyun ba ka da iko a kai. Wanda ke tsaye a Arkilla ko Gawon Nama za a fara nuna masa na kusa da shi, mu da ke cikin gari mu biyo baya, sai dai idan babu mai irin kayanmu a can. Na farkon kuwa a hannunka yake, kuma a wurin zaɓen rukunin sana'a ake cin sa ko a faɗi. Ana ba ka babban rukuni ɗaya da ƙanana har tara. Da na sa shagon takalma a matsayin babba, sai muka nutse cikin masu sayar da takalman roba da na kanti. Da na mai da shi shagon kayan fata, na bar takalma da tsaraba a ƙanana, sai kiran waya ya sauya kama, aka koma tambayar jaka da tumtum. Wurin bayani yana ɗaukar haruffa 750. Na raba shi biyu, Turanci a sama don yawancin baƙinmu da shi suke nema, Hausa a ƙasa.

Wasu suna cusa kalmomi a cikin sunan shago, su jera takalma da jaka da araha da Sakkwato duk a layi ɗaya don su hau sama. Dokar manhajar ta hana, kuma ana iya dakatar da shafi a kan haka. Ni dai ban ga ribar da ta kai wannan kasadar ba.

Hoto yana aiki fiye da yadda na zata, amma ba hoton kaya ba. Wanda baƙi suka fi ambata shi ne na ƙofar shago daga waje, da bishiyar da launin ƙyauren, don da shi suke gane sun iso. Na kaya kuwa da hasken safe nake ɗauka a kan tabarma, kafin rana ta wanke jan fatar ta mai da shi fari-fari.

Taurari su ne wurin da al'adarmu ke ba ni wahala. Bahaushe zai yaba maka har ka ji kunya, ya sa maka albarka, ya turo maka ƙaninsa, amma ya zauna ya rubuta, a'a. Akwai mahaɗin da ake turawa kai tsaye zuwa wurin rubuta ra'ayi, kuma yawancin masu wayar Android suna da asusun Google ko da ba su sani ba, saboda haka abin bai wuce minti ɗaya ba. Ina turawa ta WhatsApp bayan kaya sun isa hannun mutum ya ce ya ji daɗi. Baƙi su ne suka fi rubutawa. Ba a yarda a ba da ragi ko kyauta don a samu tauraro ba, balle a tara 'yan gida su yi ta zuba biyar-biyar, kuma ana goge irin waɗannan idan an gano. Wata baiwar Allah ta taɓa ba mu uku, ta ce takalmin ya yi kyau amma warin jima bai fita ba. Gaskiyarta ce, fatar da aka jeme da bagaruwa tana da warinta na 'yan kwanaki. Na amsa mata a fili cewa ta shanya shi a inuwa inda iska ke ratsawa. Daga baya mutane da dama sun ce amsar nan ce ta sa suka kira.

Lokutan buɗewa suna son kulawa, musamman a gari irin namu. Ana iya raba yini gida biyu, don haka ranar Juma'a na sa muna rufewa kafin masallaci mu dawo bayan la'asar. Azumi na zuwa sai in sauya gaba ɗaya, tunda cinikin dare ya fi na rana, ranakun salla kuma akwai wurin sa lokuta na musamman. Kowa na iya ba da shawarar gyara a shafinka, har wanda bai taɓa taka shagon ba, shi ya sa nake leƙawa lokaci-lokaci in ga ko lambar waya da lokutan suna nan yadda na bar su.

Kada kuma a ɗauke shi a matsayin shago na biyu. Ƙananan shafukan intanet na kyauta da ake haɗawa da shi an rufe su a watan Maris na 2024, wurin hira da masu saye kuma a ƙarshen Yulin shekarar. Cinikin gaske a waya da WhatsApp yake ƙarewa, taswirar nuni kawai take yi. Tana ba da alƙaluma na yawan waɗanda suka danna kira da waɗanda suka nemi hanya da kalmomin da aka nemo ka da su, sai dai danna maɓalli daban, zuwa da kuɗi daban. Ni tambayar baki na fi yarda da ita, duk baƙon da ya shigo sai na ce, "Yallaɓai, wa ya kwatanta maka mu?"

Akwai samari da ke bin shaguna suna cewa za su sa ka a Google, har su yi alkawarin kai ka na ɗaya. Babu mai iya sayar maka da wannan matsayi. Biyan wanda ya iya don ya taya ka ba laifi ba ne, amma ka tabbata da imel ɗinka aka buɗe, kai ne mai shi, shi kuwa a ƙara shi a matsayin manaja, wanda za ka iya cirewa duk ranar da ka so. Wani maƙwabcinmu tela ya biya aka buɗe masa da imel ɗin yaron da ya yi aikin, yaron ya bar gari, tsohuwar lambar da ta ɓace ta ci gaba da zama a shafin ana ta kiranta a banza. Tare muka zauna muka nemi a mayar masa da mallaka ta cikin manhajar. Ana ba mai riƙe da shafin kwana 3 ya amsa. Bai amsa ba, aka ba telan damar sake tantancewa, ya ɗauki nasa bidiyon, ya sa sabuwar lambarsa ana saura kaɗan a fara karɓar ɗinkin salla.