Nebraska: a kori koci yau, ko a jira Oktoba?

Daren 10 ga Satumba 2022, Georgia Southern ta bi Nebraska har gida ta doke ta 45-42 a ƙwallon Amurka ta jami'o'i. Kafin a watse, ɗalibai sun ɗauki ihun a kori kocin Nebraska, Scott Frost.

Jira yana da riba a fili. In jami'ar ta yi haƙurin kwana 20, zuwa 1 ga Oktoba, kuɗin sallamarsa zai sauko daga dala miliyan 15 zuwa 7.5. Ga shi Frost ɗan gida ne, da shi Nebraska ta ci kambun ƙasa na 1997 yana ɗan wasa. A 2021 ya sha kashi sau 9, amma ko sau ɗaya ratar ba ta kai maki 10 ba. Wai saura ƙiris, kullum saura ƙiris.

Korar gaggawa kuwa tsada gare ta, sai dai tana sanyaya zuciyar mutanen da ke sayen tikitin filin Nebraska da ke garin Lincoln kaf tun 1962. Nasara 16 a wasa 47 a ƙarƙashin Frost ai ta ishi mai haƙuri. Ni ma da korar zan zaɓa.

Washegari aka sallame shi. Mako na zagayowa Oklahoma ta lallasa Nebraska 49-14.